Daga Numan har Makurdi babu gada ko ɗaya: me ya ci garuruwan bakin Binuwai?

Dan_Ibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna, musamman mu da muka fito daga garuruwan bakin kogin Binuwai. Ku buɗe taswira a wayarku ku duba, tun daga gadar Numan har ka gangaro Makurdi babu gada ko ɗaya a kan kogin nan, duk tsawon da ya yi a cikin jihar Taraba ba inda mota za ta haye da ƙafarta. Garuruwa irin su Lau, Jen, Amar, Dampar, Ibi, Tunga, Abinsi, har can ƙasa Loko, a da su ne ƙofar shiga ƙasar, kayan da za su je Muri ko Adamawa ta kansu suke bi. Yau ka ce wa yaro ɗan Kano ko Sakkwato Ibi sai ya tambaye ka a wace jiha take. Ni a ganina titin kwalta ne ya kashe mana garuruwa, don da aka tashi shimfiɗa shi sai aka bi ta tudu aka bar mu a kwari. Haka ne ko akwai wani dalili? Kuma mene ne magani, gada ko a yashe kogin jirage su dawo?

Yar_Lau:
Wa alaikumus salam. Wallahi Yaya ka sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Lau muna kallon ƙasar Karim Lamido a tsallake, amma in ba ka shiga jirgi ba sai dai ka zagaya ta Numan, wuni guda a hanya.

Direban_Jalingo:
Gada mana, wannan ai ba abin musu ba ne. Ni lodin Jalingo zuwa Abuja nake yi. Yanzu sai ka bi Mutum Biyu, Tella, Wukari, ka shiga ƙasar Tibi ka haye a Makurdi sannan ka hau Lafiya da Akwanga. In Jos za ka kuma sai ka koma baya ta Numan, Gombe, Bauchi. Alhali daga Wukari zuwa Ibi ko awa ɗaya ba a yi, ka tsallaka Sarkin Kudu ka miƙe Shendam shikenan ka shiga Filato. Man da muke ƙonawa a zagayen nan fasinja ne yake biya a ƙarshe.

Malam_Buba_Tarihi:
Ɗan Ibi Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Amma zan ɗan gyara maka, kafin kwalta ta zo jirgin ƙasa ya riga ya kai wa garuruwan nan sara na farko. Bari in ja zaren daga baya.

Turawa sun fara hawa Binuwai da nisa da jirgi mai hayaƙi a 1854, tafiyar da wani Baturen Ingila mai suna Baikie ya jagoranta, kuma abin da ya sa tafiyar ta yi suna shi ne sun riƙa shan maganin kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Daga nan 'yan kasuwarsu suka gane kogin zai shigu. Kamfanin Neja, wanda ya samu izinin mulki daga Ingila a 1886, a Ibi ya kafa babbar tasharsa ta Binuwai, daga nan ake kula da sauran kantuna har Yola. A Yola ma Lamiɗo bai yarda sun yi gini a tudu ba, a cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a ruwa suke ciniki. Da sojan Ingila suka tashi cin Yola a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu, ta ruwa suka zo. Haka 'yan mishan da suka je Wase a 1904, a Ibi suka sauka suka kama hanyar ƙasa. Ka ga a lokacin kogin shi ne titi.

To ka dubi Loko. Kuzar farko da aka haƙa a tsaunukan Jos a ka 'yan dako suke ɗaukowa, su biyo ta Keffi su sauke a Loko a zuba a jirgi. Da aka gama ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos a 1914 wannan dakon ya mutu. Sannan layin gabas ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan a 1927, aka buɗe gadar Makurdi a 1932. Abinsi ce hedikwatar lardi a da, amma dogo bai bi ta Abinsi ba, ta Makurdi ya bi, sai Razdan da ma'aikata suka tattara suka koma can. Makurdi da ba ta kai ta kawo ba ta zama birni, Abinsi ta koma garin masunta. Ibi kuma a gyaran larduna na 1926 aka rushe lardin Muri, masarautar Muri aka haɗa ta da Adamawa, Ibi da Wukari aka tura su lardin Binuwai. Gari in ya rasa ofis ya rasa hanya, me ya rage masa?

Dan_Ibi:
Allah ya ƙara sani Malam. Amma ai iyayenmu sun ga jiragen kamfani da idonsu, kuma su ba 'yan 1930 ba ne. Mahaifina yana ba mu labarin yadda jirgi ke yin ƙugi tun daga nesa, duk gari a ruga bakin ruwa, a sauke gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi, a loda riɗi da gyaɗa. Kenan dogo bai kashe harkar gaba ɗaya ba.

Malam_Buba_Tarihi:
Gaskiya ne bai kashe ta gaba ɗaya ba, don dogon ya tsallake kogin ne a wuri ɗaya, bai bi gefensa ba. Daga Makurdi zuwa sama har Garwa ta ƙasar Kamaru ruwa ya ci gaba da aiki, jiragen kamfanoni na tasowa daga Burutu da Warri duk damina. Abin da ya ƙarasa shi abu uku ne a jere. Dogo ya isa Gombe a 1963 ya kai Maiduguri a 1964, sai gyaɗa da audugar yankin suka samu wata hanya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga a ƙasan kogin. Sannan kuɗin fetur ya zo aka shiga shimfiɗa kwalta ana sayo tireloli. Nan ne maganarka ta titi ta shigo, amma ita ce ta ƙarshe a layi.

Abu_Garwa:
Salamu alaikum, ni daga Garwa nake a Kamaru, kakanninmu Hausawa ne da fatauci ya kawo. Malam Buba ka bar guda ɗaya, wato namu dogon. A 1974 jirgin ƙasa ya iso Ngaundere daga Yawunde, daga nan audugar arewacin Kamaru da kayan Chadi suka koma bin mota zuwa Ngaundere su shiga jirgin ƙasa zuwa Duwala. Kafin nan tashar jirgin ruwa ta Garwa babbar tasha ce, siminti da mai ta Najeriya suke hawowa. Amma fa ku sani ko a lokacin da harkar ke ci, wata biyu zuwa uku ne kawai a shekara babban jirgi yake iya kaiwa Garwa, wajen Agusta da Satumba. Duk kayan shekara a sito ake tara su ana jiran ruwa. In jirgi ya yi nawa ruwa ya janye, to ya kwana a kan yashi sai baɗi. Masu cewa a dawo da jirgi su riƙa tuna wannan.

Jikan_SarkinRuwa:
Abu Garwa ya faɗi gaskiya. Mu gidanmu sana'ar fito muka gada, ni kaina na riƙe gora tun ina yaro kafin injin ya yawaita. Binuwai ba kogi ɗaya ba ne, biyu ne. Na damina wanda in ka tsaya a wannan gaɓa da kyar kake hango mutum a waccan, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa da ciyawa. Da na rani wanda daga Fabrairu zuwa Afrilu yashi ne fari fat, ruwan ya rabu gida-gida, wani wurin iya gwiwa. Kuma hanyar ruwan ba ta zama wuri ɗaya, inda ka bi bara bana ka tarar tsibiri ne. Shi ya sa direban jirgi na gaske ba ya kallon gabansa kawai, launin ruwa yake karantawa, inda ya yi lumui ya yi duhu akwai zurfi, inda yake ƙananan tafasa yashi ne a ƙasa. Da rani fasinja sai ya sauka ya taka yashi mai zafi da kaya a ka kafin ya kai inda jirgi yake, mashin ma turawa ake. Wannan wahalar ba wanda yake lissafa ta.

Injiniya_Sale:
To ku bari in shigo a kan maganar yashewa tunda ɓangarena ne. Kogi mai gindin yashi irin Binuwai in ka yashe shi bana, damina ɗaya ta isa ta mayar maka da yashin. Ba aikin yi sau ɗaya a tafi ba ne, kasafi ne na kowace shekara har abada. Mun ga misali a Neja, an ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009 zamanin marigayi 'Yar'aduwa, an buɗe tashar Baro a 2019, to ina jiragen? Matsalar ba ruwan kawai ba ce, tasha in babu titi mai kyau da dogo da za su kwashe kayan daga bakinta, gini ne kawai. Ni ina tare da direba, gada da titin da zai kai ka gadar.

Bakatsinen_Awe:
Ina karanta ku, kowa yana farawa daga zuwan Bature kamar kafin nan daji ne. Mu a Awe gishiri ne ya kafa mu, da Keana da Azara da Akwana, tun kafin a san wani kamfani fatake suke zuwa da jakuna daga ƙasar Hausa, kakanninmu daga Katsina suka zo suka zauna. Tozalin da matan Kano suke sawa, daga Arufu da Zurak ake haƙo dutsensa. Hauren giwa daga Adamawa ta nan yake ratsawa. Tunga ita ce mashigarmu. Wato tun asali hanyoyin fatake daga arewa zuwa kudu suke tafiya suna yanke kogin, garuruwan nan mashigai ne, inda ayari yake yada zango ya jira fito. Bature ne ya juya harkar ta koma bin tsawon kogi.

Malam_Buba_Tarihi:
Madalla Bakatsine, wannan magana ce mai nauyi. Kuma in ka bi ta za ka ga ta goyi bayan masu cewa gada, don gada mashigi ce, tsohuwar hanyar fatake take mayarwa.

HajiyaMaiKifi:
Ku yi haƙuri 'ya'yana ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na shekara da shekaru ina saro bandar kifi daga Ibi da Tella da Mayo Ranewo ina kaiwa Jos da Kano. Kuna ta cewa garuruwa sun mutu, ni ban ga mutuwa ba. Ku je ranar kasuwa ku ga kwanduna da kwalaye, tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa, giwan ruwa, ga 'yan kudu sun zo da motoci tun dare. Ga shinkafa ga doya ga kankana da ake nomawa a kan yashi in ruwa ya janye. Arziki yana nan. Abin da yake kashe mu shi ne kuɗin ɗauka, ka biya mai jirgi, ka biya masu sauke kaya, ka biya masu lodi a tsallake, ka biya mota, ga shingaye a hanya kowa da rasit ɗinsa. Kwali ɗaya sai an taɓa shi hannu nawa kafin ya isa, kifi kuwa banda ne, yawan jifa yana farfasa shi, in ya zama gari rabin kuɗi za ka sayar.

Dan_Ibi:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Ban ce babu arziki ba, cewa na yi arzikin wucewa yake ba ya zama. Yaranmu duk wanda ya gama sakandare sai Wukari ko Jalingo ko Abuja. Tsofaffin gine-ginen kamfani da na mishan suna nan suna rushewa ba mai kula.

UmmuKhalil:
Ni abin da ya fi damuna rayuka. A Oktoban 2023 jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo zai tsallaka ƙasar Karim Lamido ya kife da mutane, yawanci mata da yara 'yan kasuwa. Kuma ba shi ne na farko ba. Ni na taɓa rako ƙanwata tana naƙuda, muka iso bakin ruwa bayan magariba masu jirgi sun tashi, sai da aka bi wani bawan Allah gida aka roƙe shi, ya fito da tocila a baki yana tuƙi. Allah ya sa ta sauka lafiya a tsallake. Duk wanda ya ga irin wannan daren ba zai tsaya muhawarar gada ko yashewa ba.

Jikan_SarkinRuwa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaya Ummu, ba kare masu jirgi nake ba, akwai masu haɗama da suke lodi har ruwa ya kusa bakin jirgi, buhu a ƙasa mashin a sama mutane a kan buhu. Amma fasinja ma suna da nasu, ka ce jirgi ya cika a jira na gaba sai a hau ka da faɗa kowa yana sauri, ka miƙa wa mutum rigar ruwa ya ce zafi. Sannan kututturan da ambaliya take kawowa suna nutse a ƙarƙashi ba ka ganinsu sai ka hau kai. Dokar hana tafiyar dare ita ce ta fi komai, in da za a riƙe ta.

DanNafada:
Ku ba mu wuri mu ma 'yan Gongola, ai ruwanmu a Numan yake zuba cikin naku. Labarinku sak namu. Gombe Abba da Buba Yero ya kafa a bakin Gongola take. Turawa suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, don a lokacin da damina ana hawowa da kaya ta ruwa har Nafada a wuce da su Borno. A 1919 kuma aka sake ɗauke ta aka kai Doma, wato Gomben yanzu. Yau Gombe babban birnin jiha, Nafada da Gombe Abba kuwa sai wanda ya sani. Ba a jira kwalta ko dogo ba, alƙalami kawai aka sa.

Malam_Buba_Tarihi:
Haka Muri. Hammaruwa ƙanin Buba Yero ya kafa ta wajen 1817 a arewacin kogi, gindin duwatsu. Sarki Muhammadu Nya ya tsallako kudu, bayan yaƙin Kona da Bafaranshen nan Mizon ya taimaka masa da bindigogi a 1892, ya zauna a Jalingo a 1893. To ka ga wannan ma kafin mota ne. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba a 1991 Jalingo ta zama babban birni, tsohuwar Muri tana can tsallake, zuwa wurinta ma aiki ne.

Sadiq_Numan:
Ina so in ja hankalin masu ganin gada ita ce komai. Mu muna da gada a Numan, ga mahaɗar Gongola da Binuwai, ga kamfanin sukari a kusa, ga titin Gombe zuwa Yola ga na Jalingo. Amma tsofaffi za su gaya maka lokacin da ake fito, dole kowace mota ta tsaya, direba ya ci abinci, fasinja ya sayi kifi, wani ya kwana. Da gada ta zo sai motoci suka riƙa wucewa fuu. Ba cewa nake kar a yi ba, amma garin da yake cin abinci daga jiran fito ya shirya, ranar da aka buɗe gada wannan kasuwar ta tashi.

Direban_Jalingo:
Malam Sadiq ai ba za a bar mutane suna nutsewa don mai tuwo ta yi ciniki ba. Kuma mu direbobi inda aka yi mana fili da masallaci da abinci mai kyau da tsaro nan muke tsayawa, ko akwai gada ko babu.

Nasara_Loko:
Mu dai mun gani a ƙasa. An buɗe gadar Loko zuwa Oweto a 2023, tsawonta wajen kilomita 2. Yanzu mai zuwa Otukpo da ƙasar Idoma daga Abuja ba sai ya bi Makurdi ko Lokoja ba. Filaye sun yi tsada a bakin titi, an buɗe shaguna da gidajen mai. Masu jirgin fito kuwa gaskiya sun ji jiki, wasu sun koma kamun kifi, wasu sun sayi mashin suna acaɓa. Abin da Injiniya ya faɗa shi ne gaskiya, gada ba ta aiki ita kaɗai, in titin da ke kai ka gare ta ya lalace ko ana tare mutane a kansa, direba zai gwammace doguwar hanya.

Yar_Lau:
To mu yaushe? Tun muna firamare ake cewa za a yi gadar Lau.

Dan_Ibi:
Ƙanwata mu ma an ba da kwangilar tamu tun zamanin Buhari, an kawo kayan aiki mun yi murna, amma zuwana na ƙarshe gida a jirgi na tsallaka.

Injiniya_Sale:
Akwai dalilin da ya sa gada a wannan yanki take da tsada, ba wai ina ba kowa uzuri ba. A Makurdi kogin ya matse tsakanin gaɓa mai tauri, shi ya sa Turawa suka zaɓi wurin. A su Ibi da Lau kuwa kwarin shimfiɗaɗɗe ne, bayan ruwan kansa akwai fadama mai faɗin gaske da ambaliya take rufewa duk shekara. Kenan ba gadar kawai za ka gina ba, sai ka ɗaga titi a kan cikon ƙasa mai nisa, ka bar kwalbatoci da ƙananan gadoji don ruwa ya samu hanya, in ba haka ba cikon ya zama dam ya mayar da ruwa cikin gari. Ginshiƙan kuma sai an kafa su can ƙasa sosai don yashi ba ya riƙe nauyi. Kuma dalilin da ya sa titin Jalingo zuwa Wukari ya nisanci bakin kogi kenan, ba ƙiyayya ba ce Ɗan Ibi, gudun fadama ne.

Direban_Jalingo:
Gudun fadamar ma bai tsirar da shi ba Injiniya. Gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol ruwa ya tafi da ita a damunar 2024, babban titin da ya haɗa Jalingo da Wukari ya yanke biyu. Na ga manyan motoci jere, ana sauke fasinja a sa su a kwale-kwale, ƙananan motoci a ɗora su a jirgi. Mutanen birni sun ɗanɗana abin da 'yan Lau suke sha kullum.

Comr_Aliyu:
Duk wannan laifin Kamaru ne da dam ɗin Lagdo. Su suke sako mana ruwa duk shekara, ambaliyar 2012 da ta 2022 kowa ya gani. A gina dam ɗin Dasin Hausa a ɓangarenmu ya tare ruwan kawai a huta.

Abu_Garwa:
Ɗan uwa a yi adalci. Lagdo an gama ta a 1982, tana sama da Garwa, kuma in an buɗe ta mu ne farkon waɗanda ruwan yake ci kafin ya iso ku. Sannan ka lissafa kogunan da suke shiga Binuwai bayan an wuce dam ɗin: Mayo Kebbi, Faro, sannan a wajenku Gongola, Taraba, Donga, Katsina Ala. Duk ba ruwan Lagdo a cikinsu. Gadar Namnai da direba ya faɗa ma ai ba a kan Binuwai take ba. Sakin ruwa yana ƙara ambaliya, ban musa ba, amma ba shi kaɗai ba ne.

Injiniya_Sale:
Haka ne. Dasin Hausa a ƙasar Fufore za ta taimaka ƙwarai wajen tare na sama, da noman rani da wuta, amma ba za ta tare Taraba da Donga da Katsina Ala ba, su daga tsaunukan Mambila da iyakar Kamaru suke gangarowa. Kuma dam yana da nasa illar ga masu kwari, ku tambayi mutanen ƙasan dam ɗin Kiri da na Dadin Kowa a kan Gongola yadda kifi da noman bakin ruwa suka canza.

HajiyaMaiKifi:
Wannan gaskiya ne ɗana. Ambaliya ta daidai ita ce take cika tafkuna kifi ya hayayyafa, ita take kawo taki a fadama. Shekarar da ruwa bai hau sosai ba mu muke fara sani a kasuwa. Wadda take rushe gida ita ce ba a so.

Bakatsinen_Awe:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne tsaro. Rikice-rikicen da aka yi a Ibi da Wukari daga 2012 zuwa 2014 sun kori baƙin 'yan kasuwa da yawa, wasu ba su dawo ba har yau. Ba ina tono ba ne, Allah ya kiyaye na gaba, amma ba titi kaɗai ya rage cinikin ba.

Dan_Ibi:
Amin. Wannan gaskiya ne kuma mun ji a jikinmu, Jukun da Hausawa da kowa, ba wanda ya ci riba. Alhamdu lillahi an dawo da bikin kamun kifi na Nwonyo a 2024 bayan shekaru ba a yi ba, garin ya cika har ba masaukin baƙi. Amma biki kwana biyu ne. Ni har yanzu ina kan bakana cewa hanya ce tushe, ko dogo ne ya fara ko kwalta, duk dai an zagaye mu ne.

Jikan_SarkinRuwa:
Ni kuma ina ganin ko an yi gadar Ibi da ta Lau, ƙauyuka nawa ne a tsakani da ba za su taɓa ganin gada ba? Su jirgi ne motarsu har gobe. A gina mana matsaya ta kankare a manyan mashigai yadda tsohuwa za ta shiga jirgi ba sai an ɗauke ta ba, a kawo jiragen ƙarfe masu ɗaukar mota, a sa alama a hanyar ruwa duk bayan damina, a cire kututture. Kuɗin ginshiƙi biyu na gada zai yi wannan duka.

Sadiq_Numan:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari.

Malam_Buba_Tarihi:
Ɗan Ibi in ka je gida don Allah ka ɗauko mana hotunan tsofaffin sito-siton kamfani da maƙabartar Turawa, ka kuma zauna da dattawan da suka yi dako a bakin ruwa ka naɗi muryarsu a waya, sunayen jiragen, me ake saukewa, nawa ake biyansu. Ɗalibaina suna neman irin wannan ba sa samu a takarda. Haka ke ma 'yar Lau.

Yar_Lau:
In sha Allahu Baba Malam, akwai kakan ƙawata da ya yi aikin awon gyaɗa a kanti, yana nan da ransa kuma hankalinsa garau.

Musa_Shendam:
Afuwan na shigo a makare. Direban Jalingo, ina da buhunan shinkafa a Gassol nake so in kawo Shendam sati mai zuwa, in bi ta Ibi in yi fito ko in zagaya Makurdi?

Direban_Jalingo:
In ƙaramar mota ce bi ta Ibi, amma ka isa bakin ruwa da safe kafin layi ya yi tsawo, kuma ka yi cinikin fito da na masu lodi tun kafin a taɓa buhu ɗaya. In babbar mota ce kar ka fara, zagaya Makurdi.